Amfilifayar Yaya Da Akwatin Da Gara Ta Cinye

Na san wasunku sun yi ta zuba ido su ga ci gaban littafin nan, shiru kamar an aiki bawa garinsu. To ku yi mini afuwa, ba lalaci ba ne, wani aiki ne ya ɗauke mini hankali kusan wata biyu, aikin da ko a mafarki ban taɓa zaton zan tsoma hannu a cikinsa ba. Ni da ko fis ɗin dutsen guga ban iya canzawa ba, sai ga ni ina zancen om da wat da taransifoma kamar wata 'yar koyon gyaran rediyo. Bari in ɗauko muku labarin daga tushe.

Yayana, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Kano zuwa Damagaram, wani lokaci har Agadas. A can ya kwaso ciwon jita. A shekarun 1990 kaset-kaset ɗin Abdallah Oumbadougou suna yawo hannu da hannu a tsakanin Buzaye, Yaya kuwa ya yi ta saurare a cikin mota har kiɗan ya shiga jininsa. Ya fara da sayen jitar lantarki, daga baya a wata tafiya da ya yi Ikko ya dawo da amfilifaya ta gwanjo, Marshall, ƙirar JCM800 mai wat 50, irin wadda aka fara fitarwa a Ingila a 1981. Kan kawai ya samu, wato ɓangaren da ke ɗauke da kwalabe da maɓallai, babu akwatin lasifika. Sai ya sa wani kafinta a unguwarmu ya haɗa masa akwati, ya ɗaura lasifika biyu masu inci 12 a ciki. Ɗaya daga cikinsu ma takardarta a tsage take, ya like ta da gam da ƙyallen wata tsohuwar atamfar Inna.

Baba bai taɓa yarda da abin ba har ya koma ga Mahaliccinsa. A wurinsa duk wanda ya rungumi abin kiɗa maroƙi ne, mu kuwa ba mu gaji roƙo ba. Saboda haka a garejin da suke ajiye motoci can bayan gari Yaya yake kunna kayansa. Sau uku kacal na taɓa ji da kunnena, a na ukun ne na ɓoye 'yar rediyona a cikin hijabi na ɗauko shi a kaset. Wannan kaset ɗin shi ne kaɗai shaidar da ta rage a duniya cewa Yaya ya iya jita.

Da ya rasu aka kwaso kayan aka jibge a ɗakin shirgi, babu wanda ke da ƙarfin zuciyar dubawa. Shekaru sun fi goma sha biyar. Ranar da muka buɗe ɗakin, akwatin nan da na taɓa shi sai yatsana ya nutse, gara ta gama da katakon, ɓeraye kuma sun cinye takardar lasifikokin sun bar ƙarfe tsirara. Kan ne ya tsira, shi ma don Inna ta naɗe shi a bargo ta kulle a adakarta, ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Abin da ya sa muka buɗe ɗakin kuwa shi ne, na yi niyyar karanta wani littafina da murya don masu saurare a waya, kamar yadda marubuta da yawa suke yi yanzu. A cikin littafin akwai wani direba mai kaɗa jita, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san daga inda na ɗebo shi. Ina son a tsakanin babi da babi a ji ɗan kiɗa irin na Yaya. Ga kuma ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba, kun san dalili, ashe ya shekara biyu yana koyon jita a waya a ɓoye, a ɗakin wani abokinsa. Da na gano ban yi masa faɗa ba, kallonsa kawai na yi, domin yadda yake sunkuyar da kai a kan jitar sak kawunsa.

Sai dai akwai maigida. Shi ba mutum ne mai tsanani ba, amma yana tsoron bakin mutane, kuma da gaskiyarsa. Gidanmu a cikin lungu yake, ta gabas makarantar allo, ta yamma maƙwabciya mai jego, katangarmu ɗaya da su. Da ma can ana cewa matar gidan marubuciyar soyayya ce, ina ga an ji jita na tashi? Ya ce da ni, "Ban hana ku ba, amma da sharaɗi. Kada in ji ko ƙyas ya tsallake katangar gidan nan." Na ce na yarda. A raina ma na ce abin ya zo da sauƙi, tunda akwatin da ke yin ƙarar babu shi. Ko da ma akwai shi, irin wannan amfilifaya ba ta fitar da zaƙinta sai an murɗe ta sosai, a lokacin kuwa tagogin unguwa ma sai sun amsa.

Yaron ya ce shi ya san yadda za a yi. Yana da 'yar na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta, wadda 'yan situdiyo ke kira sawun-kad. Ya ce ai ramin da ake jona lasifika a bayan amfilifayar nan sauti ke fitowa, sai kawai a ja waya daga nan zuwa na'urar tasa, shi ke nan. Ni da ban san hawa ba ban san sauka ba na ce bismillah. Muka kakkaɓe ƙura, muka jona wuta, kwalaben suka yi ja a hankali kamar garwashi, wani ƙamshin tsohuwar ƙura mai ɗumi ya tashi, wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Ya murɗa maɓalli ya kaɗa sau ɗaya, sau biyu, a na uku muka ji ƙas! Sai ƙauri. Fitilar amfilifayar ta mutu, ɗaya daga cikin ramuka biyu na sawun-kad ɗinsa ma ya tafi ke nan har yau.

Daren nan ban runtsa ba. Abin da gara ta bari, abin da Inna ta yi shekaru tana ɓoyo, ni na zo na ƙone shi a minti ɗaya.

Washegari muka ɗauki adaidaita zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya koyi sana'ar tun zamanin da rediyo ke aiki da kwalabe. Ya juya abin, ya shinshina bayansa, ya ɗago ya dube mu ta saman tabarau.

"Hajiya, wa ya kunna wannan babu lasifika?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, ni na ba da izini."

"To kin ba da izinin kisa. Ku zauna."

Bayanin da ya yi mana zan faɗa muku yadda na fahimta. Kwalaben nan suna aiki ne da wuta mai tsananin ƙarfi, sama da bolt 400, ita kuwa lasifika ba irin wannan wutar take so ba. Don haka a tsakaninsu akwai taransifoma, wani dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke karɓar ƙarfin daga kwalabe ya sauya shi ya miƙa wa lasifika. Lasifikar kuma ba baki ce kawai mai fitar da murya ba, kaya ce da amfilifayar take ja. Ya ce in tuna mai jan guga cike da ruwa daga rijiya, ya tattara ƙarfinsa duka ya fizga, sai igiya ta tsinke. Ƙarfin nasa ne zai kayar da shi ta baya. Haka taransifoman nan, idan aka kaɗa jita ya tara ƙarfi bai sami inda zai sauke ba, sai wutar ta koma baya ta yi tsalle, ta huda rufin wayoyinsa ko ta ƙone mazaunin kwalabe. Ramin sawun-kad kuwa a wurin amfilifaya daidai yake da babu, don ba ya jan komai.

Sannan ya ɗauki biro ya yi wa yaron lissafi a bayan kwalin sigari. Wat 50 a kan om 8 yana ba da bolt 20, alhali ramin na'urar tasa abin da ya saba karɓa bai wuce bolt ɗaya da 'yan kai ba. Ya ce da a ce amfilifayar ta taransisto ce, irin na zamani marasa kwalabe, yawancinsu ba su damu ba ko an kunna su babu lasifika, su abin da ke kashe su shi ne wayoyi su haɗu ko a ɗora musu lasifikokin da suka fi ƙarfinsu. Amma mai kwalabe, ko da wasa. Ya kuma ja kunnen yaron kada ya kuskura ya kwance cikinta, domin akwai wasu gwangwanaye a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket, wutar da za ta iya kai mutum lahira.

Kwana huɗu muka yi muna jiran hukunci. A na biyar ya kira ya ce taransifoma ya tsira, fis ne ya fanshe shi. Ya canza kwalabe biyu manya, waɗanda ake kira EL34, ya canza gwangwanayen nan da suka bushe saboda daɗewa. Kuɗin da ya tafi ba zan faɗa ba, kada maigida ya karanta.

Shi ne kuma ya haɗa mana abin da zai tsaya a madadin lasifika. Rasista biyu manya ya samo, kowace om 16 mai jure wat 100, ya jera su gefe da gefe suka zama om 8, ya ɗaure su da noti a kan faifan alminiyam. Na tambaye shi me ya sa har wat 200 alhali amfilifayar 50 ce, ya ce idan aka murɗe ta tana wuce abin da aka rubuta a jikinta, kuma gara kaya ya fi ƙarfin jaki a nan. Duk ƙarfin da zai zama ƙara, a nan yake zama zafi. Daga gefe ya ja wata 'yar hanya mai maɓalli wadda ke tsakuro kaɗan daga cikin sautin, daidai cikin sawun-kad. Ya nuna wa yaron maɓallin bayan amfilifayar mai lamba 4 da 8 da 16, ya ce ya tsaya a kan 8 kada ya motsa. Ya ba shi waya mai kauri ya ce ita ce ta lasifika, kada ya yi amfani da siririyar wayar jita a wannan wurin. Ka'ida ta ƙarshe: a jona kayan kafin a kunna wuta, a kashe wuta kafin a zare.

Muka dawo gida da murna. Dare ya yi, aka kawo wuta, yaron ya murɗe amfilifayar har inda Yaya yake kai ta. Ɗakin tsit. In ka kasa kunne sosai sai ka ji wani siririn kuka daga cikin taransifoman kansa, kamar sauro a cikin tulu, sai kuma ƙarar tsirkiyar jitar. Faifan alminiyam ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa. Sharaɗin maigida ya cika. Na karɓi abin sawa a kunne na sa.

Kai jama'a! Kun taɓa jin ƙudan zuma an rufe su a gwangwanin madara? To haka. Wani kaifi mai soke kunne, kamar ana soya kifi a cikin kaina. Na cire na ce da yaron ko dattijon nan ya ɓata ta ne. Ya ce a'a Umma, haka muryarta take tun asali, mu ne ba mu taɓa jin ta tsirara ba.

A nan na gane abu na biyu, wanda ya fi na farko ɗaure mini kai. Ana auna kaifin sauti da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya. Kunnen yaro mai lafiya yana ji har zuwa wajen 20,000. Lasifikar jita mai inci 12 kuwa daga wajen 80 take farawa, in ta kai wajen 5,000 sai ta fara gazawa, takardarta ta yi nauyin da ba za ta iya bin abin da ya wuce haka ba. Ita kuma amfilifaya idan aka matsa mata har muryarta ta dushe, tana haifar da tarkacen kaifi masu yawa a can sama. Ashe gazawar lasifikar nan ita ce rariyar da ke tace tsakuwa ta bar gari. Abin da muke kira daɗin jita, rabinsa aikin takarda ne da katako da iskar ɗaki. Dattijo ya mayar mana da kayan da amfilifaya ke ja, amma bai mayar mana da rariya ba.

Ba wai ba a taɓa yin kiɗa da tsiraicin sautin ba. Yaron ya kunna mini waƙar Beatles mai suna Revolution ta 1968, wadda aka jona jitocinta kai tsaye cikin teburin haɗa sauti aka matsa masa da gangan. Na saurara, ƙudan zuman nan ne dai, sai dai su sun so shi haka. Ya ce Nile Rodgers ma na ƙungiyar Chic ya yi suna da jona jitarsa kai tsaye, amma shi sautinsa garau ne babu dushewa, don haka babu tsakuwar da za a tace. Ni dai ba wannan nake nema ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, waƙar ta Beatles ba ta yi mini ba.

Maganin a cikin kwamfuta yake. Akwai wasu 'yan ƙananan fayel da masu harkar ke kira IR, ni kuwa na raɗa musu suna hoton murya. Yadda ake yin su shi ne, a sami akwatin lasifika na gaske a situdiyo, a kafa masa makirufo, a tura masa wani sauti mai tashi daga ƙasa har sama, a ɗauki abin da ya fito. Daga nan kwamfuta za ta lissafa abin da akwatin ya rage da abin da ya ƙara, ta ajiye a fayel ɗin da tsawonsa bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Duk sautin da aka bi da shi ta cikin wannan fayel sai ya fito kamar daga wancan akwatin ya fito. Yaron ya ɗora ɗaya, na akwati mai lasifikar Celestion da aka ɗauka da makirufo SM57, ya sake kunna abin da ya kaɗa ɗazu. Nan take zuma ta watse. Jita ta fito da ƙirjinta, mai kauri, mai ɗumi. Na ce da shi sihiri ne, ya ce Umma lissafi ne.

Wani alherin da ke cikin wannan hanya, tunda tsiraicin sautin aka ajiye, ana iya canza masa akwati sau ɗari bayan an gama kaɗawa. Wannan alherin shi ya zame mini jaraba. Na fito da kaset ɗin nan nawa, muka juye shi a kwamfuta, muka shiga gwaji. A kunna Yaya, a kunna yaron, a canza akwati, a sake. Mako biyu muna abu ɗaya, tuwon dare ma sau biyu yana kamawa. Akwatunan Landan, na Amurka, masu lasifika huɗu, masu biyu, masu buɗaɗɗen baya. Wani ya yi kusa, wani ya yi nisa, babu wanda ya zama shi. Yo ina za a samu? Wa ya taɓa kafa makirufo a gaban akwatin da kafintan unguwarmu ya haɗa?

Yaron ya ce akwai kuma wani bambanci. Lasifikar gaske ba ta tsayawa a kan om 8 ɗin da aka rubuta mata, tana turjewa sosai a sautin ƙasa da na can sama, amfilifaya mai kwalabe kuma tana jin wannan turjiyar tana amsawa. Rasistocin dattijo kuwa ba su san turjiya ba, shi ya sa sautin ya ɗan kwanta, kuma shi mai kaɗawa yana jin jitar ta yi masa tauri a hannu. Akwai akwatunan da kamfanoni irin su Two Notes na Faransa da Suhr na Amurka suke yi masu kwaikwayon wannan turjiyar, sai dai kuɗinsu da dala ne, ni kuwa littafi nake sayarwa. Muka ɗan ƙara ƙasa da sama a kwamfuta, muka haƙura.

Wata ƙawata marubuciya ta ce wahalar banza na sha. Tun 1998 da aka fito da na'urar POD ake kwaikwayon amfilifaya ɗungurungum ba tare da kwalba ko ɗaya ba, yanzu ma a waya ana yi, kuma mai sauraren littafi a 'yar lasifikar wayarsa ba zai taɓa bambancewa ba. Gaskiya ta faɗa, ban musa ba. In sauti kawai mutum yake nema, wannan hanyar ta fi sauƙi, ta fi araha, babu abin da zai ƙone. Ni kaina na zauna na ƙirga abin da ya rage na Yaya a cikin abin da muka ɗauka: kwalabe sababbi, gwangwanaye sababbi, akwati na aro daga wata ƙasa, hannu na ɗan ƙanwarsa. Saura jitar da wannan dunƙulen ƙarfen da na kusa ƙonewa. Amma ta cikinsa wutar ta bi, kuma ni wannan nake so.

Da muka gama, ranar Juma'a na ɗauki waya na tafi gida wurin Inna. Ban taɓa yi mata zancen jitar Yaya ba, a zatona ita ma ra'ayin Baba gare ta, ɓoyon da ta yi wa amfilifayar kuma na ɗauka don kayan ɗanta ne kawai. Na zura mata abin ji a ƙarƙashin kallabi na kunna. Ta rufe ido, ta yi shiru har ya ƙare. Sannan ta ce, "Hannun ya yi. Amma ina zizar?"

Na ce, "Wace ziza Inna?"

"Nasa yana da wata 'yar ziza a ƙasa-ƙasa, irin ta kacau-kacau ɗin da ake ɗaura wa garaya. Daga wajen ƙyallen nan nawa take fitowa."

Na saki baki ina kallonta. Na ce a ina ta taɓa ji? Ta ce duk lokacin da Malam ya tafi ƙauye, da daddare bayan mun yi barci Yaya yakan shigo da kayan ɗakinta, ya rage murya can ƙasa ya kaɗa mata. Ta ce ita ta yanko masa ƙyallen da hannunta.

Da na dawo na gaya wa yaron, na ce ya nemo tsagaggiyar lasifika mu like ta mu yi mata hoton murya. Ya girgiza kai ya ce ba zai yiwu ba, hoton murya yana kama abin da akwati ya rage ko ya ƙara ne kawai, ba ya kama karkarwar takardar da ta tsage. Wannan sai lasifika ta gaske, da makirufo na gaske, da ƙara ta gaske. Na yi shiru, don na san sharaɗin da na ɗauka.

Ashe maigida yana tsakar gida yana alwala, duk yana jinmu. Ya gama, ya ɗauki hularsa, har ya kai zaure sai ya juyo ya ce ranar Asabar zai je gona, kuma akwai wuri a bayan mota in janareto zai shiga. Yaron ya samo lasifikar a wurin dattijo, tsagarta ma ta fi ta Yaya tsawo. Inna kuma ta aiko ƙanwata da ƙulli a leda, ragowar atamfar ce, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, tare da saƙon cewa a bar mata kujerar gaba.